Kogi Ya Cika, Wuta Ta Ɗauke: Yadda Madatsun Shuɗin Nilu Ke Aiki

Tambaya ce da ta daɗe a bakin mutanenmu na gaɓar Shuɗin Nilu a Sudan, tun daga Damazin da Rusairis, a gangaro Sinja, har Mai Wurno da Sinnar: me ya sa a watan Agusta, lokacin da kogi ya cika ya batse har yana leƙen gidaje, a lokacin ne wutar lantarki ta fi yin rowa? An ce da ruwa ake yin ta. To ga ruwa nan har ya yi yawa. Wasu su ce sakacin ma'aikata ne, wasu su ce Khartum ake tura wa a bar masu kogin cikin duhu. Ba a rasa ƙanshin gaskiya a maganganun biyu, amma ko da ma'aikatan nan waliyyai ne, ko da kuma ba a aika wa Khartum komai ba, tashar wutar madatsar Rusairis ta yi shekara da shekaru tana yin sanyi a tsakiyar damina. Dalilin yana cikin yadda aka gina madatsar, da kuma halin kogin da aka tare.

Abin da madatsa ke ajiyewa shi ne ruwa a bisa. Ruwan da ke bayan katanga ya fi na gabanta tudu, kuma wannan tazarar ita ce jarin tashar gaba ɗaya. Ana buɗe masa hanya ta wasu manyan bututu da ke cikin jikin katangar, ya gangaro da nauyinsa ya bugi fukafukan wata ƙatuwar farfela, farfelar ta juya sandar ƙarfe, sandar ta juya janareta da ke samanta. Daga nan wutar ta shiga taransifoma a ɗaga ƙarfinta, a ɗora ta kan manyan wayoyi. Shi kuwa ruwan ya fice ta ƙasa ya koma kogi, ko cokali bai ragu ba. Manomin da ke kafa famfo a Sinja, da ruwan da ya riga ya haska wani gida yake ban ruwa.

Wutar da injin zai bayar ta rataya ne kan abu biyu da ake ninka ɗaya da ɗaya: yawan ruwan da ke bi ta cikinsa, da nisan faɗowarsa. Bari mu sa lissafi a ƙasa. Mita kubik ɗaya na ruwa lita 1,000 ne, wato durom 5 irin wanda masu amalanken jaki ke sayar da ruwa da shi. Idan tazarar ta kai mita 30, injin mai lafiya na buƙatar wajen durom 68 kafin ya fitar da kilowat-awa ɗaya, abin da fankar sama mai wat 75 za ta sha cikin awa 13. Idan tazarar ta sauko mita 20, sai ya haɗiyi sama da durom 100 kafin ya ba da wannan wutar. Kuma maƙogwaron injin yana da iyaka. Injinan Rusairis guda 7 ne, kowanne megawat 40, jimla 280. Ko duka aka tayar, abin da za su iya haɗiya a yini bai wuce wajen mita kubik miliyan 90 ba. Duk abin da ya haura haka ta ƙofofi yake wucewa, bai ba kowa ko hasken ashana ba.

Shi Shuɗin Nilu ba kogi ba ne mai tafiya a tsanake. Daga Tafkin Tana da tsaunukan Habasha yake gangarowa, yana kawo wajen mita kubik biliyan 50 a shekara, amma kusan kashi huɗu cikin biyar na wannan ruwan a watanni huɗu yake zuwa, daga Yuli zuwa Oktoba. A Agusta ba abin mamaki ba ne ya zubo miliyan 500 a yini ɗaya. A Afrilu kuwa, kafin Habasha ta gina tata madatsar, abin da ke zuwa ba ya kai kashi ɗaya cikin 30 na wannan, har tsibiran yashi su fito a tsakiyar kogi yara suna ƙwallo a kai. Kwatanta miliyan 500 da miliyan 90 ɗin can, ka ga ko rubu'in ambaliyar injinan ba sa taɓawa.

Sai kuma laka, wadda ita ce tushen rikicin. Duk wadda ta taɓa ɗebo ruwan kogi a Agusta ta zuba a randa ta san abin da za ta tarar da safe: ruwa garau a sama, jan taɓo ya kwanta a gindi, sai an sa hannu an kwashe. Haka tafkin madatsa yake, sai dai shi babu mai hannun da zai kwashe. Ruwan Habasha ƙasar gonakin tsaunuka yake wankowa, sama da tan miliyan 100 a shekara, kuma muddin yana gudu yana riƙe da kayansa. Da zarar an tsayar da shi sai ya sauke. Tafkin Sinnar, wanda aka gina da cin mita kubik miliyan 930, ya yi asarar fiye da rabin cikinsa ga laka. Na Hashm al-Girba a kan kogin Atbara, da aka gama a 1964, shi ma haka. Rusairis ta fara da wajen biliyan 3 a 1966, kafin a cika shekara 40 laka ta cinye sama da kashi ɗaya cikin uku.

Don haka injiniyoyi suka kafa wata ƙa'ida da mai kallo daga gaɓa zai ɗauka hauka ce. A watannin da ruwa ya fi yawa, a lokacin ake barin tafki a matakinsa mafi ƙasa. Ana buɗe manyan ƙofofin da ke can gindin katanga, a bar kogi ya ratsa da gudunsa ya tafi da lakarsa gaba. Ke nan ruwan baya ya yi ƙasa. A daidai lokacin kuma ruwan gaba ya hau, domin ambaliyar da aka saki ta cika kwarin kogin. Tazarar da injin ke ci da ita an matse ta sama da ƙasa. Wannan ne ya sa za ka tsaya a kan madatsar Rusairis a Agusta, ƙarar ruwa ba ta barin ka ji maganar na kusa da kai, ƙasa tana rawa a ƙarƙashin ƙafarka, alhali a cikin tashar injinan na ba da kaɗan daga abin da suke bayarwa a Nuwamba.

Ba a nan kaɗai ta tsaya ba. Ambaliyar farko tana zuwa da duk abin da ta tarar a hanya: gungumen itace, ciyawa, kara, mushen dabbobi. A bakin kowane bututu akwai ragar ƙarfe da ke hana wannan tarkace shiga injin, kuma a nan yake taruwa ya toshe, laka ta bi ta liƙe. Sai an rage wa injin aiki ko an kashe shi ɗungurungum a yi yasa. Tsofaffin mazauna Khartum sun san wannan tun shekarun 1980, lokacin da Rusairis ce ƙashin bayan wutar babban birnin: damina ta kama, duhu ya zo.

Sai Satumba, ambaliya ta fara ja baya, ruwan ya fara washewa, sannan ake rufe ƙofofi a cika tafki cikin 'yan makonni. Wannan shawarar ita ce mafi nauyi a shekarar injiniyan madatsa. Ya rufe da wuri, ya tara laka. Ya yi jinkiri, kogi ya janye tafki bai cika ba, alkamar Jazira, babban filin noman rani da ke shan ruwan madatsar Sinnar, ta ji a jikinta a Fabrairu. Idonsa kullum yana kan ma'aunin Daim da ke kusa da iyakar Habasha, inda ake auna abin da ke shigowa ƙasar.

Daga nan kuma tafki ya dinga sauka har ƙarshen rani. Afrilu da Mayu da Yuni, lokacin da zafi ke kai mutum bango, kowane gida na neman fanka da na'urar sanyi, kowane famfo na aiki, a lokacin tafki ya kusa komawa gindi. Kafin yaƙin 2023, giɓin da tashoshin wuta masu aiki da mai ake cike shi, irin su Garri da Bahri da Um Dabakir kusa da Kosti, da kuma abin da ake sayowa daga Habasha ta layin Gadarif. Su kuwa tashoshin mai dala suke ci, kuma tun da Sudan ta Kudu ta ɓalle a 2011 da mafi yawan rijiyoyin man, dala ta yi wa Sudan wuya. Mai wuta dai sau biyu yake shan wahala a shekara, sau ɗaya don ruwa ya yi kaɗan, sau ɗaya don ya yi yawa.

Ya kamata a tuna cewa ba don wuta aka fara tare wannan kogin ba. Turawan Ingila auduga suke so wa masaƙunsu. Sun gama madatsar Sinnar a 1925, katangar dutse mai tsawon kilomita 3 da 'yan kai, kuma aikinta shi ne ta ɗaga ruwa ya shiga babbar magudanar Jazira da kansa, ya gangara arewa tsakanin koguna biyu ba tare da famfo ba. Ƙaramar tashar wuta mai megawat 15 sai a 1962 aka liƙa mata. A nan tarihin madatsar ya haɗu da namu. Bayan an kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da hijira gabas da jama'ar da suka rage, suka zauna a bakin Shuɗin Nilu kudu da Sinnar, a garin da har yau ke ɗauke da sunansa. Alhazai masu tafiyar ƙasa suka dinga yada zango a nan, wasu su wuce Makka, wasu zaman ya ɗore. Da aka zo aikin madatsa da tonon magudanai da tsinkar auduga, hannuwan waɗannan mutane na cikin waɗanda aka dogara da su. Sai dai da aka zo rabon hawasha, wato gonakin da ake yanka wa manoma a Jazira, da yawansu ba su samu ba, kuma jikokinsu na nan a kanabi, wato ƙauyukan leburori, a gefen gonakin, wasu ƙauyukan ko turken wuta ba a kafa musu ba. Yau gonakin Jazira da na Manaƙil, ƙarin da aka yi mata daga baya, sun haura fadan (kusan eka) miliyan 2.

Rusairis ma ɗiyar noma ce. Yarjejeniyar 1929 tsakanin Masar da Ingila ta ba Sudan mita kubik biliyan 4 kacal na ruwan Nilu a shekara, ta kuma keɓe wa Masar ruwan rani daga Janairu zuwa Yuli. Ta 1959 ce ta sake rabo: Masar biliyan 55.5, Sudan 18.5, aka bar 10 wa rana ta sha a tafkin Aswan. Habasha, wadda daga ƙasarta mafi yawan ruwan ke fitowa, ba a ko tambaye ta ba. A riƙe wannan, za mu dawo kansa. Kaso a takarda ba ya shayar da gona idan babu inda za a ajiye shi, shi ya sa aka gina Rusairis, aka gama a 1966, tashar wuta ta biyo baya a 1971. Har yau idan buƙatar gona da ta injin suka ci karo, gona ce gaba. Ruwan da aka saki don alkama yana bi ta injinan Rusairis, gaskiya ne, amma yana sauke tafkin da wuri. Wanda ya shiga magudanar Jazira a Sinnar kuwa ya tafi ke nan, injinan madatsar Marawi da ke arewa ba za su gan shi ba.

Maganin da aka daɗe ana magana a kai shi ne a ƙara wa katangar tsayi, kuma a Janairun 2013 aka buɗe aikin. An ƙara mita 10, tsawon katangar da bangayen ƙasa na gefe ya kai wajen kilomita 25, cikin tafkin ya haura biliyan 7. Ta fuskar injiniya riba biyu ce, ga ƙarin ruwa ga ƙarin tazara. Amma mita 10 a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ba wasa ba ce. Ruwa ya hau gonaki da lambuna da ƙauyuka, aka kwashe dubban iyalai zuwa sababbin garuruwa da ba a ma raɗa musu suna ba sai lamba, gari na kaza, gari na kaza, wasu a yankin Wad al-Mahi. An haɗa ƙabilun da a da kowa ke da gefensa wuri ɗaya, gonar da za a raba ta ragu. Rikicin da ya ɓarke a jihar a Yulin 2022 tsakanin Hausawa da maƙwabtansu, ya sake tashi a Oktoba, ya ci ɗaruruwan rayuka, yana da dalilansa na siyasa da na sarauta, kuma zalunci ne a jingina shi ga madatsa kaɗai. Amma wanda ya duba inda wutar ta fi ci zai ga sunayen waɗannan garuruwa masu lamba a ciki. A ganina duk lissafin ribar madatsa da bai sa wannan a ma'auni ba, rabin lissafi ne.

Madatsar Marawi labarinta daban ne, domin ita don wuta aka gina ta. Tana kan babban Nilu kusa da gangaren duwatsu na huɗu na kogin, wajen kilomita 350 arewa da Khartum. Injina 10, kowanne megawat 125, jimla 1,250, tafki mai cin biliyan 12.5 da ya miƙe wajen kilomita 170 cikin hamada. Kamfanonin Sin suka gina, injinan na Alstom ne, kuɗin daga Sin da asusun ƙasashen Larabawa. Umar al-Bashir ya buɗe ta ranar 3 ga Maris 2009, kwana ɗaya kafin kotun duniya ta ba da sammacin kama shi, kuma ya yi amfani da bikin yadda ya so. Ta kusan ninka wutar ƙasar. Tana da sauƙi ɗaya da Rusairis ba ta da shi: Farin Nilu, mai tafiya a hankali duk shekara, yana ciyar da ita a rani. Farashinta kuwa mutanen Hamdab da Amri da Manasir suka biya, dubun-dubatarsu, da dabinonsu da kaburburan kakanninsu. A 2006 an harbe masu zanga-zanga a Amri. Rana ma na karɓar nata kason, domin a wannan hamadar tana shanye sama da mita 2 daga fuskar tafki kowace shekara.

Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023 tsakanin sojojin Sudan da rundunar kai ɗaukin gaggawa ta RSF ya fito da wani rauni da ba a cika tunawa da shi ba. Katangar madatsa da wuya a rusa ta, amma filin taransifoma da ke gefenta a fili yake, cike da mai. A 2025 jirage marasa matuƙa sun kai hari kan tashar Marawi fiye da sau ɗaya, jihohi suka shiga duhu alhali tafki na cike, injina lafiya lau. Babbar taransifoma ba a sayenta a kanti, sai an ba da oda an ƙera, a jira watanni. Madatsa kuma ba a kulle ta a tafi gudun hijira. Jabal Auliya da ke kan Farin Nilu kudu da Khartum, wadda aka gina a 1937, ta faɗa hannun dakarun RSF a ƙarshen 2023, kuma da aikin ƙofofinta ya rikice ruwa ya koma baya ya shiga gidajen mutane a Jazira Aba a ƙarshen 2024. A tsakiyar 2024 Sinja ta faɗa hannun RSF, faɗa ya iso har Mai Wurno, 'yan kilomita daga madatsar Sinnar, a daidai lokacin ambaliya, lokacin da ƙofofinta ke buƙatar hannu kowace rana.

Yanzu mu koma Habasha. A Afrilun 2011 ta aza harsashin madatsar Nahda a Guba, kusa da iyakar Sudan, ta fara tara ruwa a Yulin 2020, ta buɗe ta a hukumance ranar 9 ga Satumba 2025. Megawat 5,150, tafki mai cin biliyan 74. Wato tana iya haɗiye ruwan Shuɗin Nilu na shekara ɗaya da rabi. Rusairis, wadda ke ƙasa da ita da kilomita 100 da ɗoriya, kashi ɗaya cikin goma nata take ci. Duk abin da na bayyana a sama, na Agusta da na Afrilu, wannan madatsar ta zo ta sauya shi. Habasha wuta take son sayarwa duk shekara, don haka ribarta ita ce ta kama ambaliya ta dinga sakinta kaɗan-kaɗan wata goma sha biyu. Lakar ma a can za ta kwanta. Ga injiniyan Rusairis wannan kyauta ce daga sama: ba dole ya sauke tafki a damina ba, tazara za ta tsaya, ruwa zai zo a Afrilu, ragar bututu za ta huta. Marawi za ta samu ruwa a watannin da take ƙishi. Hukumar Jazira za ta rage kuɗin da take kashewa kowace shekara wajen yashe magudanai. Shi ya sa Sudan ta daɗe tana tsaka-tsaki a rigimar Masar da Habasha, wani lokaci ma ta fi karkata ga Habasha. Ta fuskar wuta, Nahda alheri ce ga Sudan, ban ga abin musu a nan ba.

Amma alherin yana da sharaɗi. A da, mai kula da Rusairis da sararin sama yake lissafi, kuma sama ko ba ta da alkawari tana da al'ada da aka auna shekaru masu yawa. Yanzu da shawarar wani ɗan'adam yake lissafi. Idan Habasha ta kashe injina don gyara, kogi ya faɗi. Idan tafkinta ya cika ta buɗe ƙofofi, ruwan cikin sa'o'i yake isowa, kuma ƙaramin tafki ba shi da inda zai zuba abin da babba ya amayar sai ya wuce da shi kan Sinja da Sinnar da Wad Madani. An ga ɓangarorin biyu. A Yulin 2020, da aka fara tara ruwa, kogi ya faɗi kwatsam har wasu tashoshin ruwan sha na Khartum suka tsaya, bututunsu na shaƙar iska. A ƙarshen Satumban 2025 ruwa ya hau a lokacin da aka saba ganin yana ja baya, Masar ta ɗora laifin kan yadda aka saki ruwan Nahda, Habasha ta musa ta ce da ba don madatsar ba da ɓarnar ta fi haka. Ƙasashen uku sun sa hannu kan sanarwar manufofi a Khartum a Maris 2015, amma yarjejeniya mai ɗaure kowa kan cikawa da saki ba a kai gare ta ba, zaman ƙarshen 2023 ma ya watse. Habasha na cewa ba a tambaye ta a 1959 ba. Abin da Sudan ke buƙata daga gare ta bai kai girman rabon ruwa ba: nawa za a saki gobe, nawa mako mai zuwa, kuma wa za a kira da tsakar dare idan abu ya sauya.

Akwai kuma waɗanda ambaliya da laka su ne abincinsu, kuma a gaɓar Shuɗin Nilu namu na da yawa a cikinsu. Noman jaraf ba ya son taki, ba ya son famfo. Kogi ya hau ya rufe gaɓa, ya sauke sabuwar laka, ya janye a Oktoba. Manomi ya bi sawunsa taki-taki, ƙasa na danshi tana tsagewa, ya kafa salluka, sandar shukar nan mai matakin ƙafa, ya danna ya buɗe rami, yaro na biye yana jefa iri. Tumatir, kuɓewa, kankana, masara, wake, lalo, duk da raɓar da kogi ya bari suke nuna, kuma mai ƙaramin ƙarfi da su yake fita shekara. Masu jan bulo ma haka: sabuwar lakar suke yanka, su cuɗa da kashin dabbobi, su zuba a ma'auni, su shanya, su jera kamina, wato tarin bulon da ake hura wa wuta, su ƙona. Ramin da suka tona bana, ambaliyar baɗi ce ke cike shi. Kogin da aka daidaita ba ya hawa can sama, ba ya sauka can ƙasa, kuma ruwansa garau yake zuwa. Faɗin jaraf zai tsuke, wanda ya rage ba mai sabunta shi. Ruwan da ba ya ɗauke da laka kuwa yunwa gare shi, gaɓa yake ci, lambunan mangwaro da ayaba na bakin kogi su ne a gaba. Masar ta ga wannan bayan babbar madatsar Aswan: manomi ya koma sayen taki, masu bulo suka koma kankare ƙasar gonaki har sai da gwamnati ta hana. Masunta ma za su ga sauyi, domin kifaye da dama da hawan ruwa suke sanin lokacin ƙwai.

Masu tsara manufofi na cewa wanda ya rasa jaraf zai samu abin da ya fi shi, tunda da ruwa duk shekara ana iya noma sau biyu ko uku. Haka ne, ga mai famfo da kuɗin mai ko faifan sola, da kuɗin taki, da kuma takardar fili. Ta ƙarshen nan ce ta fi damuna. Gonar jaraf rabin shekara a ƙarƙashin ruwa take, shi ya sa masu kuɗi ba su cika kwaɗayinta ba, aka bar ta ga al'ada: wane ke noma nan tun zamanin kakansa, shehun gari ya sani, maƙwabta sun sani. Ranar da ruwa ya daina rufe ta, ta zama fili mai daraja a bakin kogin da ba ya ƙafewa, irin wanda kamfanonin noma ke nema. Tun dokar 1970 ta zamanin Numairi, wadda dokar 1984 ta gaji ruhinta, duk filin da ba a yi wa rajista ba na gwamnati ne, kuma da yawa daga gonakin gaɓa tsakanin Sinnar da Rusairis ba su taɓa shiga littafin rajista ba.